Tsoho Mai Hatimin Gidan Waya

Ruwan sama ne ya koro ni cikin gidan wayar ƙauyen, ɗaki ɗaya mai rufin kwano. A bayan kanta wani tsoho yana zaune da tabarau ɗaure da zare, babban yatsansa ya rine da tawada har ƙarƙashin farce. Akwatunan wasiƙun da ke jikin bango duk a buɗe suke, zanzaro ya yi gida a guda biyu.

Ko ɗagowa bai yi ba. Hatimin kwanan wata ne a hannunsa, yana juya lambobin da tsinken ashana. Ya danna shi a tawada, ya buga a bayan tsohuwar ambulan. Shekarun jikin hatimin sun ƙare tuntuni, sai ya ɗauki biro ya soke shekarar, ya rubuta ta bana a tsanake.

Ina jin a bayan kantar nan ƙuruciyarsa ta ƙare, zamanin da motar wasiƙu ke tayar da garin duk Talata, iyaye su yi layi yana karanta musu labarin 'ya'yansu na birni.

Na ce, "Baba, yaushe rabon da wasiƙa ta zo?"

"An kwana biyu, ɗan nan. Kowa ya koma latsa waya."

"To wa kake gyara wa hatimin?"

Sai yanzu ya dube ni ta saman tabarau, kamar na yi tambayar wauta.

"In ta zo yau fa? Ta same ni da kwanan watan jiya?"