Asuwakin Alhaji

Duk wanda ya san Kawu Bala a Fadaman Mada ya san ba ya taɓa inji sai ya yi masa sallama. Ko rediyo aka kai masa gyara, sai ya ce, "Salamu alaikum, me ke damun ka?" sannan ya kara kunne, kamar mai jiran amsa. Ƙanin mahaifiyata ne, Allah ya jiƙan sa.

Lokacin da na fara sana'ar wanki, na sayi injin busar da kaya na gwanjo saboda damina. Kawu ya zagaya shi, ya raɗa masa suna Alhaji. Na ce, "Kawu, inji ne fa." Ya ce, "Ladi, wanda ya ƙetare teku, ke da ko Jos ba ki wuce ba za ki kira sunansa gatsal?"

Ga shi ba ya yarda a zubar da komai. Audugar nan da ke taruwa a rariyar inji, shi ke kwashewa, har ya cika matashin kai da ita. Wai tun da ya fara kwana a kai yake mafarkin mutanen da bai sani ba. Na ce ya jefar mana. Ya ce, "Haba! Jiya har Legas na je, ban hau mota ba."

To, a wata damina Alhaji ya tubure. Shi dama yakan tsaya da kansa idan ya ji kaya sun bushe. Sai ya koma yana ɗan juyi kaɗan ya tsaya, kaya jagab. Ga zannuwan gadon masaukin baƙin Madam Ngozi tuli guda, ga ruwa ba sassauci. Ta ce min, "Maman Sadiya, in gobe babu, zan kai wani wuri." Wankinta kuwa shi ke riƙe da gidana.

Na aika aka kira Kawu. Ya yi sallama, ya kara kunne, ya ɗago ya harare ni.

"Kin yi masa tsawa."

"Wallahi ban yi ba, Kawu."

"To wani ya yi."

Ya sa ni na ba inji haƙuri, ni da girmana, yara na leƙe suna dariya. Muka kunna, ya sake tsayawa. Kawu ya ce, "Ashe ba fushi ba ne."

Ya cire hula, ya cusa kai cikin inji har kafaɗa. Can muka ji muryarsa daga ciki: "Kai! Ladi, shadda mai sitaci kike ba shi?" Na ce ƙwarai, masu shadda sai ta tsaya ƙyam suke so. Ya nuna min wasu siraran ƙarafa biyu kusa da ƙofa, sitaci ya daskare a kansu fari fat. Ya ce, "Da waɗannan yake ɗanɗana laima. Kin toshe masa baki da koko, komai ya taɓa sai ya ce ya bushe."

Kawai sai ya zaro asuwakinsa daga aljihu, ya tsoma a ruwan lemon tsami, ya shiga goge ƙarafan a hankali yana cewa, "Yi haƙuri Alhaji, saura kaɗan." Muka kunna. Inji ya yi ta juyi bai tsaya ba sai da zannuwa suka bushe ƙarau. Da na ga ya mayar da asuwakin bakinsa na ce, "Kawu!" Ya ce, "Me? Ai ya fi ni tsabta."

Washegari na kai wa Madam kayanta da ɗuminsu. Har yau ni ke mata wanki.

Tun daga nan duk Juma'a in ya sauko daga masallaci sai ya biyo ya yi wa Alhaji asuwaki. Ko da ciwo ya kwantar da shi, na je dubiya, bai tambayi yara ba sai da ya ce, "An goge masa?"

Ina gogewa, Kawu, duk Juma'a, kuma sai na yi sallama. Allah ya wanke ka fes, ya sanyaya makwancinka, ya sa ka farka cikin mutanen da ka sani. Amin.