Ɗawafin da na yi a bakin rijiya

Lokacin da abin nan ya faru ina yarinyar mace mai goyon fari, ina aure a wani babban gida a Dayi, ga rawar kai, ga son ganin ƙwaƙwaf. Ko Malumfashi sai da dalili nake leƙawa. Sai ga yayan maigidana ya dawo daga aikin Hajji, gida ya cika maƙil da 'yan barka da sauka. Bayan dabino da zamzam, ya fito da wata 'yar na'ura ja mai ido biyu, wadda ake kafa wa ido a ga Makka, a danna gefenta hoto ya canja.

Da layi ya zo kaina, wallahi ban san lokacin da na rafka salati ba. Ni ba hoto na gani ba, ciki na faɗa! Ga Ka'aba kamar in miƙa hannu in taɓa, ga mutane wasu kusa wasu can nesa, har na kauce don kada wani dattijo ya bangaje ni. Tafin ƙafata ya ji sanyin daɓe, alhali turɓayar gidanmu nake takawa. Daɗi ya kwashe ni, na fara tafiya ina kabbara, mata suna ta shewa wai amarya ta tafi Makka ba jirgi. Ina jin su, amma kamar daga wani gari.

Ashe rijiyar gidan a buɗe take, an ja wa baƙi ruwa ba a mayar da murfin ba. Maƙwabciyarmu Kirista da ta shigo barka ita ta ankara, ta daka tsalle ta cafki majanyina ta fizgo ni baya, muka zube tare. Da na cire abin daga idona, takalmina ɗaya yana cikin ruwa, ɗana yana tsala kuka a bayana. Sai a lokacin na tuna akwai shi.

Surukata ta kwance yaron, ta ce wadda ta manta da bayanta ba ta isa goyo ba, kuma sai da na sha kuka ta mayar mini da shi. A zaure maza suka kaure da gardama. Wani ya ce inda ido yake nan mutum yake. Limamin unguwa ya ce ido da zuciya suna iya tafiya, amma nauyin mutum yana nan inda ƙafarsa take.

'Yan uwana mata, yanzu da talabijin ke shiga gidaje, ku kalla, akwai daɗi, ban musa ba. Amma ku san inda ƙafarku take da abin da kuke ɗauke da shi. Bara Allah ya kira ni, na taka daɓen gaske. Ina fara ɗawafi sai na ji hannuna ya koma baya yana laluben goyo, alhali yaron yana can Funtuwa yana sakandare.