Hayaƙin Asabar na Goggo Trine

Ansis ɗan goggona ne, taubashina. Kunnuwansa kamar faifai, har nakan ce masa idan iska ta taso ya riƙe shinge kada ta kai shi birnin Riga. Kiwon zuma ya iya, sai cin baƙin burodi. Shi kaɗai Goggo Trine ta haifa.

Da Jamusawa suka shigo ƙasarmu da yaƙi kowa ya ɗaure kaya ya gudu, ban da Goggo. Ta ce saniyarta ba ta san hanya ba. Mu kuwa muka shiga soja, aka jibge mu a ramukan yaƙi na fadamar Tirelis, inda sanyi ke daskarar da zagi tun bai fita daga baki ba. Gonar su Ansis tana can bayan ramukan Jamusawa. Rufin ba ya ganuwa, sai hayaƙi.

A wajenmu duk Asabar ake hura wutar ɗakin sirace, inda ake wanka da tururi, ko da gawa a gida. To ranar Asabar sai Ansis ya miƙa wuya sama da buhunan yashi.

"Kai, Kunnuwa, sauko! Ko makahon Bajamushe ba zai kuskure waɗannan ba."

"Rufe min baki, Jekabs. Ga shi can! Tsohuwa ta hura."

"Wataƙila saniyar ce ke wanka."

Ya jefe ni da dunƙulen ƙanƙara yana dariya. Muddin hayaƙin ya tashi, uwarsa na da rai. Da wannan ya ci kaka, ya shiga hunturu.

Wajen Kirsimeti aka ce mu auka wa Jamusawa. Muka yafa fararen zannuwa don kada a gan mu cikin ƙanƙara, muka datse waya mai ƙaya, muka faɗa raminsu. Nakan ce ni kaɗai na kori bataliya guda, amma gaskiya bindiga mai jigida ta kwashe rabinmu kafin mu kai. Da rana ta ɗaga, Ansis na gaba yana tsallake gawarwaki, ina binsa ina haki, har gonar.

Ɗakin siracen da sauran ɗumi. A ciki muka tarar da takalman soja jere, da wani dattijon Bajamushe mai dafa musu abinci, hannuwa sama. Ansis ya damƙi wuyan rigarsa.

"Ina mai gidan? Ina uwata?"

Mutumin bai ji yarenmu ba, amma ya gane. Ya kai mu bayan itatuwan tuffa, ya nuna wani tudu da ƙanƙara ta rufe. Da hannu da 'yan kalmomin Rashanci ya fahimtar da mu cewa tun kafin ganye ya zube ta rasu. Ita ta saba musu da wankan Asabar, su kuma suka ci gaba.

Ansis bai taɓa shi ba. Ya durƙusa yana share tudun da hannu. Ko alama ba a kafa mata ba, sai ya zaro wuƙa ya hau sassaƙa reshe zai yi mata gicciye.

Can harsasan igwa suka fara sauka. Taimakon da hafsoshi suka yi alkawari bai zo ba, saje yana ihu a ja da baya.

"Tashi, Kunnuwa, don Allah. Ma dawo da bazara mu yi mata na dutse."

"Je ka, ɗan kawu. Ni na iso gida."

Na ja rigarsa har ta yage. Na zage shi, na zagi zumarsa, ko zai biyo ni da duka. Ko kai bai ɗaga ba. Dole na bar shi nan, na bi sauran.

Bayan yaƙi na koma. Ba gida, ba tuffa, rami kan rami. Na haƙa inda nake zato har hannuna ya saluɓe, ban sami Goggo ba, ban sami Ansis ba.