Ƙafar motar Baba

Jama'a, yau na ga abin haushi!

Wata uku ina rubuta wa kamfanin da ya sayar mana da motar Baba takarda. Ƙafarta a karkace ta zo, tana cinye tayar gaba ta gefe ɗaya, ga taya ta yi tsada. Kullum amsarsu, wai hanyar ƙauyenmu ce.

Yau Yaya Sabo ya raka ni. Ko takardun bai duba ba! Ya tsuguna ya gaida manaja, ya tambayi damina. Ashe mutumin Shanono ne, garinmu! Manaja ya ce, "Kai jikan Sarkin Noma ne? Ku ɗaga motar nan!" Nan take aka gyara.

Baba ya yi ta shi wa Yaya albarka. Ni kuwa ya ce, "Malam, kai ma ka koyi gaisuwa."