Fatihar da na sata wa Baba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Baba, kuma wannan ce sadaka ta uku da na yi masa a Gadarif, a ɗaki guda da muka cusu ni da 'ya'yana tun da yaƙi ya koro mu daga Khartum.

A wani ƙauye kusa da garin Doka, nan yankin Gadarif, aka haife shi. Kakanmu ya taso da ƙafa daga ƙasar Hausa zai je Makka, guzuri ya ƙare, ya tsaya yankan riɗi, bai ƙara gaba ba. Baba kuwa daga korar tsuntsaye a gonar dawa sai makaranta, daga makaranta sai soja, har ya shiga sahun farko na waɗanda aka tura waje koyon tuƙa jirgin yaƙi. Ranar da ya fara giftawa ta saman ƙauyensu, an ce matan ƙauyen sun yi ta guɗa har tuwo ya ƙone. Daga nan sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Tayyar, wato matuƙin jirgi.

Abin da masu guɗa ba su sani ba, an tura shi yaƙin kudu. Sau biyu yana neman a sallame shi ana hanawa. Da aka sake shi kuma ya kasa komawa Doka, don can labarin jarumta ake jira, ya kasa zama da abokan aikinsa, don su ma labarin suke bayarwa. Gaba kura, baya sayaki. A kan tabarma a tsakar gida ya ƙare rayuwarsa. Sau ɗaya tak na matsa masa da tambaya a kan yaƙin, ya ce, "Uwata, daga sama ba a ganin mutum. Rufin ɗaki kawai ake gani."

To, Baba, ga shi 'yarka ta kwanta ƙarƙashin rufin, jirage na ruri a kanta. Da kana nan me za ka ce? Ni dai na ji haushinka a lokacin, wallahi na ji, kuma na yi kewarka.

Maƙwabciyata a nan, Hajja Nafisa, ita ma gudowa ta yi. Jirgi ne ya rushe gidanta, 'yarta tana ciki. Kullum muna shan gahawa sai ta tsine wa duk wanda ya taɓa hawa jirgin yaƙi. Da ta tambaye ni sana'ar mahaifina, bakina ya riga ni, na ce manomi ne.

Al'adar sadaka kuwa, ki kai wa maƙwabta asida, wato tuwon nan ƙasar, da nama, su ɗaga hannu su yi wa mamacinki Fatiha. Shekara biyu Hajja tana cewa, "Allah ya jiƙan hannun da ya ciyar da mutane," ni ina amin kamar ɓarauniya. Mutumin da ya fi kowa buƙatar addu'ar irinta, na karɓo masa ita da sunan wani. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ɗakinmu kuma katanga ɗaya ce ta raba, ba ni da inda zan koma in ta juya mini baya.

Bana na ajiye faranti a gabanta, ta ɗaga hannu, na ce, "Dakata, Hajja. Babana ba manomi ba ne. Jirgin yaƙi ya tuƙa, kuma ya jefa bom."

Ta daɗe hannunta a sama. Sannan ta ce, "Ya yi barci bayan nan?"

Na ce, "Bai yi ba."

Ta karanta Fatiha har ƙarshe, ta shafa. Abincin kuwa ko taɓa shi ba ta yi ba.

Ba lambar girma ta soja ce ta rage ba, ba guɗar Doka ba. Abin da ya rage na Baba shi ne bai taɓa wanke kansa ba, kuma a kan wannan ne Hajja ta yi masa addu'a. Yau kwana tara ba ta kira ni gahawa ba. Kullum da safe ina jin tana dakan gahawarta ta bayan katanga, ina zaune ina jira.