Mun Je Ganin Takun Saude

Ana idar da sallar asuba muka bar Funtua, mu uku da direba: ni, da wata 'yar ƙungiyarmu, da likitar gashin ƙashi da muka roƙa ta raka mu. Ga wanda bai san mu ba, matan unguwa ne mu, muna haɗa ɗan abin da Allah ya hore don yaran da shan inna ya kama. Bara muka ɗauki nauyin aikin ƙafar wata yarinya, Saude, 'yar shekara tara, a wani ƙauye bayan Malumfashi. Aka miƙar da gwiwar, aka yi mata takalmin ƙarfe mai sanduna har cinya. Likitan da ya yi aikin ya ce kullum ta riƙa sa shi, in ba haka ba ƙafar za ta sake naɗewa. Takunta muka tafi gani.

Damina ta yi albarka a hanyar Bakori, masara duk ta yi goyo, hagu da dama kore shar. Da ma a ce direbanmu ya bar ni na more kallon. Tun daga Funtua yake mitar tsadar mai, yana waiwayo ni kamar ni ce na yanka farashin. A Malumfashi muka tsaya karin kumallo. Ƙosai ya ƙanƙance har sai ka jefa biyu a baki kafin ka san ka ci wani abu, kokon dai da kaurinsa, Allah ya saka wa mai shi.

Inda kwalta ta ƙare mota ta ce ba da ita ba. Muka hau babura. Yaron da ya ɗauko ni ya rantse ya san hanyar kamar tafin hannunsa, bai rufe baki ba muka zube a taɓo ni da shi da jakata. Haka na shiga garin mutane da rabin zane ja, rabi ruwan ƙasa.

An karɓe mu hannu bibbiyu. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura, muna ji ana fafarar zabo a bayan gida. Gaisuwa ta ƙi ƙarewa, ni kuwa idona na ƙofar ɗaki. Can sai ga Saude ta fito da rarrafe, silifa a hannuwanta, tana jan ƙafar a ƙasa kamar yadda na fara ganinta bara.

Na tambayi ina takalmin. Kakarta, wadda kowa ke ce wa Iya, ta yi murmushi ta shige ɗaki. Ta fito da wani ƙunshi, ta kwance atamfa, ta kwance leda, ta ajiye shi a gabana yana ƙyalli.

"Ga amanarku nan, Hajiya. Ko taɓo bai taɓa shi ba. Ƙaramar Sallah ta sa, babba ma ta sa, har hoto aka yi mata."

Ta ci gaba da bayani, wai abin da manyan mutane suka kashe dukiya a kai ba a yawo da shi cikin kashin awaki, kada mu zo mu tarar ya tsufa mu ce ba su san darajar alheri ba. Na juya ga uban yarinyar. Ya sunkuyar da kai ya ce an faɗa masa a asibiti, ya kuma faɗa wa Iya, amma ta ce likita bai san irin ƙasarsu da damina ba, shi kuma ba ya iya ja da mahaifiyarsa. Wallahi raina ya ɓaci har ina jin zafi a kunnena. To amma ta ina zan fara yi wa tsohuwar da ta yanka min zabo faɗa?

Likitarmu ta durƙusa ta gwada. Gwiwar ta ƙi miƙewa, ƙafar kuma ta girma ta bar takalmin. Saude ta cije leɓe, ba ta yi kuka ba. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Hajiya, in na tanƙwashe yatsuna zai shiga."

Likita ta ja ni gefe. Ta ce sabon takalmi dole ne, da gashin ƙashi na watanni, wataƙila ma a sake aiki, kuma ba ta yi min alkawarin komai ba. Zabon nan ban iya ci ba. Muka ce da Saude za mu koma a duba ta, Iya ta yafa mayafi ta ce ƙafarta ƙafar jikarta.

Da magariba muka shigo Funtua. Abin da na taho da shi shi ne, miƙa kyauta ba ta gama aiki, sai an koma an ga yadda take yi a gidan da ta shiga. Daga yanzu duk wanda muka ba takalmi za mu faɗa wa babbar gidan baki da baki, a gaban kowa, cewa a tsufe muke son ganinsa.

Sai da muka tsaya a ƙofar gidana, ana sauke Saude da ta yi barci, Iya ta riƙo hannuna ta ce, "'Yar nan, da na bar shi ya lalace, da yanzu tana tafiya?"

Na ce mata ta shigo ta yi sallah tukuna.