Shinkafa a Kan Ganyen Ayaba, Babu Cokali

Aka shimfiɗa mana ganyen ayaba a kan tebur, aka juye shinkafa mai ƙamshin tafarnuwa da gasasshiyar kaza. Ni da Bala, abokin aikina na tuƙi, muka naɗe hannu muna jiran cokali.

Wani ƙaramin gidan shayi ne a unguwar Fereej Abdel Aziz da ke Doha. Sun sabunta abincinsu, sun shigo da na 'yan Filifin, mu kuma kwaɗayi ya kai mu.

Shekarata uku rabona da cin abinci da hannu a bainar jama'a. Tun ranar da wani baƙo a otel ɗin da muke aiki ya ga ina kai loma ya yamutsa fuska, na koma cokali. Ina ci, amma ba na ƙoshi.

Na kira matar da ta kawo abincin, wata dattijuwa 'yar Filifin.

"Madam, an manta cokali."

Ta yi dariya. "Ba mantuwa ba ce, ɗana. Wannan da hannu muke cin sa a garinmu. In koya muku?"

Bala ya dafe ƙirji. "Jama'a, wai mu za a koya wa loma!"

Na wanke hannu, na yi bisimilla, na dunƙula guda na jefa. Ta tsaya tana kallona.

"Khalas, shi ke nan," in ji ta, "kai ne malamin."

Wallahi ganyen nan sai da ya koma fes, muka bi shi da sanyayyen ruwan ɗan lemon tsaminsu.

Ashe ba yaji abincin Doha ya rasa ba, hannuna ne babu a ciki. Ku da ke ƙasar waje, yaushe rabonku da lashe yatsa a gaban mutane?